Gas na Firiji da Na'urorin Sanyi: Ire-irensa da Hanyoyin Kauce wa Haɗari

A yau firiji da na'urar sanyaya ɗaki sun shiga gidaje da kantuna da asibitoci ko'ina a Nijeriya. Idan na'ura ta daina sanyi, akan ce da mai gyara ya zuba mata gas kawai, alhali kuwa gas ɗin nan iri-iri ne. Wani yana kama wuta, wani yana da guba, wani kuwa an riga an hana shi.

Aikin gas shi ne ya riƙa zagaya bututu, yana kwashe zafin ciki yana fitarwa waje. Aiki ba ya cinye shi. In ya ragu, to, lalle akwai inda yake yoyo, sai a toshe kafin a ƙara.

An kasa gas ɗin kashi huɗu. Kashi na farko shi ne irin su R-12, wanda aka gano yana lalata ozon, watau rufin iska na sama mai kare fata da ido daga mugun hasken rana. Saboda haka ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a Montreal ta Kanada cikin 1987, Nijeriya ta shiga cikin 1988, aka kuma daina yinsa da shigo da shi daga 2010. Na biyu shi ne R-22, wanda ɓarnarsa ba ta kai ta na farko ba, amma an shirya barinsa zuwa 2030. Na uku, irin su R-134a da R-410A da R-32, ba sa taɓa ozon, sai dai suna ƙara ɗumamar duniya, shi ya sa aka amince a Kigali cikin 2016 a rage su sannu a hankali. Na huɗu su ne R-600a da R-290 da amoniya, waɗanda ba sa cutar da sararin sama, amma suna bukatar taka-tsantsan.

Har wa yau, kowane gas yana da alamar haɗari, harafi da lamba. Harafin A yana nufin guba kaɗan, B guba mai yawa. Lamba 1 ba ya ɗaukar wuta, 2L yana ci a hankali, 2 yana ci sosai, 3 kuwa da ƙyas ya tashi. Alal misali, R-134a A1 ne, R-32 A2L, amoniya B2L. R-600a na sababbin firiji kuwa A3 ne, ɗan'uwan gas na girki.

Don haka a kiyaye waɗannan abubuwa. A duba lambar da aka rubuta a jikin injin firiji, kada a zuba wani iri dabam, kada kuma a gauraya. Kada a kankare ƙanƙara da wuƙa, domin takan huda bututu. In ana zaton yoyo, a buɗe tagogi, kada a ƙyasta ashana ko a taɓa makunnin lantarki. Mai gyara kada ya kai wutar walda ga bututun da gas yake ciki, gama wanda ba ya kama wuta ma yakan ba da hayaƙi mai guba. Wajen gwada yoyo a yi amfani da naitirojin, ban da oksijin, wanda yake iya fasa injin.

Wanda ya san lambar gas ɗin na'urarsa, ya kuma nemi ƙwararren mai gyara, ya tsare dukiyarsa da rayukan iyalinsa. Allah ya kiyashe mu.