Littafin Tatsuniyoyin da Malaman Sakkwato Suka Rubuta, Aka Buga a Belfast

Daga nan Zuru nake gaishe ku. Yau hirarmu a kan wani tsohon littafi ce, wanda kusan duk mai nazarin tatsuniya da karin maganar Hausa sai ya bi ta kansa, amma da yawanmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba.

Sunansa Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa. E, "litafi" da t ɗaya, haka yake a bango. Lokacin ba a gama tsayar da ƙa'idar rubutun boko ba, su ƙ da ɗ da ɓ masu lanƙwasa ma sai a shekarun 1930 suka shigo. Juzu'i uku ne, an buga su tsakanin 1911 da 1913 a birnin Belfast, can arewacin Ireland. Sunan da ke jiki kuma na wani jami'in mulkin mallaka ne, Frank Edgar.

To amma wa ya rubuta? Nan ne maganar take. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Manjo Burdon ya zama Razdan a can. Shi ya sa malamai suka riƙa rubuta abin da suka sani da ajami. Tarin takardun nan ne suka koma hannun Edgar, ya ƙara da nasa, ya juya su zuwa boko. Kenan tawada da alƙalamin farko na malamanmu ne, amma babu sunan ko ɗayansu a bango. Ni dai wannan abin yana tsaya mini a rai.

Kuma kada sunan ya ruɗe ku, ba Gizo da Ƙoƙi kaɗai ke ciki ba. Akwai labaran sarakuna da yaƙe-yaƙe, akwai karin magana, kacici-kacici, bayanin al'adu, har da wasiƙu. Shi ya sa masana suka mayar da shi kamar ƙamus: ka ji wata tsohuwar magana ba ka san mafarinta ba, sai ka je ka duba. Hausar ma da ƙamshin Sakkwatanci, irin su "munka" da "sunka", wanda mu 'yan Kebbi kunnenmu ya saba da shi.

Turawan fa ba don ƙaunar Gizo suka yi ba. Jami'ansu sai sun ci jarrabawar Hausa, kuma suna son sanin tunanin mutanen da suke mulka. Amma ko da wace niyya aka yi rumbun, hatsin da ke ciki namu ne.

Daga baya littafin ya yi wuyar samu, har Neil Skinner, wanda ya yi aikin ɗab'i a Zariya kafin ya koma koyarwa a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, ya fassara shi zuwa Ingilishi da sunan Hausa Tales and Traditions. Juzu'i na farko ya fito a 1969, sauran biyun a 1977. Ya kuma sake jera kayan, kowane iri da 'yan'uwansa.

Yanzu mu dawo gida. A Zuru Hausa muke yi a kasuwa, amma a gidaje da yawa tatsuniya da C'lela ake yin ta, ko Fakkanci. Waƙoƙin Uhola, zantukan da ake yi a gonar golmo, habaicin tsofaffi, mafi yawansu a baki suke. Malaman Sakkwato sun samu ajami da takarda, mu kuwa kowa da waya a aljihu. In kana da kaka a Dabai ko Rikoto, je ka zauna, ka danna rikodin. Ka fara da faɗin sunanta da garinsu kafin ta ce komai, kada a maimaita abin da aka yi wa malaman can.

Mako mai zuwa za mu ɗauko ƙamus na Bargery, wanda ya fito a 1934. Sai mun haɗu, in Allah ya kai mu.