Me ya sa har yau muke komawa kan Project IGI?

 Makon jiya ƙanena ya same ni ina buga Project IGI a tsohuwar kwamfutata, ya yi dariya ya ce, "Yaya, ga Call of Duty a waya, me za ka yi da wannan tsohon abu?" To, yau amsarsa zan bayar.

Wannan gem ɗin ya fito ne a shekarar 2000, kamfanin Innerloop na ƙasar Norway ne ya ƙirƙire shi. Kai ne David Jones, kai kaɗai, sai Anya da ke ba ka bayani daga nesa. Matakai 14 ne, kuma babu damar yin sabin a tsakiyar mataki. Ka yi minti 30 kana laɓe-laɓe, kana duba sansanin da madubin hangen nesa, kana kauce wa kyamara, sai wani soja a kan hasumiya ya harbe ka. Shi ke nan, ka koma farko. Wallahi a lokacin haushi yake ba ni, musamman in an ɗauke wuta ana dab da gamawa.

Amma yanzu na gane nan ne daɗin yake. Tunda mutuwa tana da tsada, dole ka yi haƙuri, ka ƙirga masu gadi, ka san inda ƙararrawa take kafin ka ɗaga ƙafa. Haka ma Medal of Honor: Allied Assault na 2002, wurin saukar sojojin Amurka a gaɓar Omaha. In jininka ya ragu, sai ka nemo akwatin magani. Daga Call of Duty 2 a 2005 salon ya sauya, ka ɓuya bayan bango na ɗan lokaci, jini ya dawo da kansa.

Ban ce sababbin ba su da kyau ba, hotonsu ya fi, nesa ba kusa ba. Sai dai tsofaffin ba sa cin data, ba sa tallata maka kaya, kuma in ka gama mataki ka san da guminka ka gama.

Na miƙa wa ƙanen nawa linzami. Sau bakwai aka kashe shi a matakin farko, tashar jirgin ƙasa, bai tashi ba sai da aka kira magariba.

Ku faɗa min wane mataki ne ya fi ba ku wuya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.