Jawabi Kan Hoton Jijiyoyin Huhun Yara



Jijiyoyi 4 ne ke dawo da jini daga huhu zuwa zuciya. Akan haifi wani yaron sun kauce hanya ko sun tsuke, sai ka ga leɓensa ya yi shuɗi-shuɗi, yana haki, ya kasa shan nono. Kada mu tsaya jiƙe-jiƙe, sai asibiti.

Likita kan fara da hoton eko. In bai gamsu ba ya tura MRI. Na'urar nan da maganaɗisu take aiki, ba hasken eksire ba, har jinin da ke bin kowace jijiya tana aunawa. Amma fa sai yaro ya kwanta tsit minti 30 zuwa 60, shi ya sa ake ba ƙanana maganin barci. Mu cire masu laya da 'yan kunne tun daga gida, ƙarfe ba ya shiga ɗakin.