Akwatin Talabijin a Gidajenmu: Wa Ke Buɗewa, Wa Ke Rufewa?

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Duvu, Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu

 



Shugabanni sun ɗora mana nauyin yin magana a kan talabijin. Mu dai 'yan kasuwa ne, iyakar karatunmu allo da Islamiyya, saboda haka lissafi za mu yi irin na shago. Za mu ɗauki yini ɗaya, daga hantsi zuwa tsakar dare, mu ga abin da akwatin nan ke shigo mana da shi, da abin da yake fita da shi.

Manya za su tuna cewa lokacin da aka kafa NTA a 1977, da shekarun da suka biyo baya, talabijin tana da lokacin buɗewa da na rufewa kamar rumfar kasuwa. Sai yamma ta yi a fara shiri, ƙarfe tara a karanta labaran ƙasa, dare ya yi nisa a sa taken ƙasa a rufe. In gidan talabijin bai kore ku ba, NEPA za ta kore ku. Wato tsarin ba namu ba ne, yi mana shi aka yi. Yau ga tauraron ɗan'adam, ga sola, ga janareto, tashoshi ba sa barci. Aikin da gwamnati da NEPA suke yi mana a da, yanzu ya dawo wuyan maigida.

To, mu fara da hantsi. Mun fita kasuwa, yara sun tafi makaranta, iyalinmu na aiki akwati na kunne. Galibi maimaicin wasan kwaikwayon daren jiya ake yi, ko shirin girki, ko wa'azi. A nan ba mu da ƙorafi. Matan da muka ɗauko daga Kano da Katsina da Zazzau muka kawo su gindin duwatsun nan, nesa da danginsu, muryar gida ce suke ji. Kada mu raina wannan.

Wasan kwaikwayo shi ne ribarmu mafi girma, kuma ga dalili. Muna zaune lafiya da Gude da Fali da Fulani, muna ciniki da su da Hausar kasuwa, wadda ta wadatar wajen saye da sayarwa. Amma jama'a, ku saurari 'ya'yanmu da aka haifa a nan. Yaro zai ce "mamana ya zo", ko a jikinsa. Ka yi masa karin magana ya tsaya yana kallonka. Mu mun tashi da Samanja Mazan Fama, da Ƙarƙuzu, da Ƙasimu Yero, Allah ya jiƙansu, waɗanda ke sa ka dariya har hawaye amma ka tashi da darasi. Su kuma yaran yanzu, tun da aka buɗe Arewa24 a 2014, sun samu Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina. A ciki suke jin yadda ake gaida suruki, da yadda ake neman aure, da yadda magana ke da harshen damo. Amma ribar ba ta tabbata sai babba na zaune a wurin, yana cewa, "Kun ji abin da tsohon nan ya faɗa? Me yake nufi?" In babu babba, abin da yaro zai ɗauka shi ne ɗinki da yanga da tsiwa.

Daga la'asar kuma sai ƙwallo, musamman Asabar da Lahadi. Ba za mu yi munafunci mu ce ba ma so ba. Wa ya manta 1990, da maƙwabtanmu Kamaru suka doke Ajantina da ci ɗaya a Italiya? Ko 1994, da muka ɗauko kofin Afirka a Tunisiya? Ko 1996 a Atlanta, da aka ci Barazil huɗu da uku, aka ci Ajantina uku da biyu, ga Tijjani Babangida da Garba Lawal a cikin tawaga? A lokacin wasa ɗaya ake jira wata da watanni. Yanzu wasannin Ingila da Sifen a jere suke, wannan na ƙarewa wancan na farawa, su haɗiye la'asar su haɗiye magariba. Talata da Laraba kuma ga na zakarun Turai da dare. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne cacar da ta maƙale wa ƙwallon. Yaron shago ya ɗebi cinikin yini ya zuba a kan wasan da ake yi a ƙasar da bai san hanyarta ba. In ya ci sau ɗaya, ya kamu ke nan.

Kuma mu mutanen Mubi mun san abin da wasu ba su sani ba. Ranar 1 ga Yuni 2014 bam ya tashi a Kabang, ya hallaka 'yan kallon ƙwallo da dama, har gwamnatin jiha ta rufe gidajen kallo a lokacin gasar kofin duniya ta wannan shekara. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye gaba. Alhamdu lillahi an samu sauƙi, amma har gobe wajibi ne uba ya san gidan kallon da ɗansa ke zuwa, da wanda ke kula da wurin, da lokacin tashi.

Akwai kuma ɓangaren da muke tsallakewa da sauri, wato shirye-shiryen al'adu da sana'o'i. Da an nuno makaɗi da kalangu, ko marinar Ƙofar Mata, ko hawan Sallah, ko dambe, sai yaro ya canza tasha, wai kayan tsofaffi ne. Alhali Shata ya rasu tun 1999, Barmani Coge 2013, Ɗanmaraya Jos 2015. Yaron Duvu ba zai taɓa ganinsu a dandali ba, kuma ba kowane uba ke da kuɗin motar kai iyali Kano kallon Hawan Daushe ba. In akwati ya kawo mana su har ɗaki, a ce kowa ya zauna.

Bayan lisha sai fim. Tun daga Turmin Danya a 1990 fim ɗin Hausa ya shigo gida a kaset, kuma wanda ya yi dariyar marigayi Ibro ba zai ce babu alheri a ciki ba. Sai dai fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa yakan kai awa uku. A fara ƙarfe goma, a tashi ƙarfe ɗaya. Wa zai tashi asuba? Wa zai riƙe hadda? Malaman Islamiyya na nan zaune, ku tambaye su yaran da ke gyangyaɗi a kan allo.

Saboda haka muna kawo wa ƙungiya shawara huɗu. Na ɗaya, da an kira salla a kashe, ko da fanareti za a buga. Na biyu, ranakun makaranta a rufe akwati ƙarfe goma, fim mai tsawo a bar shi sai daren da babu karatu washegari. Na uku, kowane maigida ya ware ko da dare biyu a mako ya bar majalisa ya yi kallo da iyalinsa, ya yi tambaya, ya yi bayani. Na huɗu, shugabanni su zauna da masu gidajen kallo na unguwa a kan hana ƙananan yara shiga da dare da hana caca. Su ma neman halaliya suke yi, kuma 'ya'yan nasu ne.

Jama'a, babu ɗan kasuwar da zai bar shagonsa a buɗe ya tafi ya kwanta. Lokacin iyalinmu jari ne da ya fi na shago tsada, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ƙara mana zumunci da masu masaukinmu.