Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Sinadaran Ruwa da Kiwon Kifi a Kudancin Katsina

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ya yi wannan karin magana ne a kan zaman jama'a, amma duk wanda ya haƙa tafkin kifi a 'Yargoje ko Faskari ko Sabuwa, ya wayi gari ya tarar da kifinsa sun yi rigingine a bisa ruwa, ya san maganar tana da ma'ana ta zahiri. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan maƙiyi, ko sammu, ko kambun baka, alhali kuwa ruwan ne ya sāke, ido bai gani ba.

Don a fahimci yadda ruwa ke sākewa, ya kamata a duba kiwon da ya fi kowane wuya, watau rainon murjani a cikin akwatin gilashi. Hausawa sun daɗe da sanin murjani a wuyan mata, irin jan nan da fatake suka riƙa kawowa daga Bahar Rum ta hamada, sunan ma daga Larabci aka aro shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne murjani dabba ce ta teku, wadda ke gina wa kanta gida da sinadarin alli da take tsotsa daga ruwa. Tun 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko a Landan, yau kuwa akwai masu rainon murjani a ɗakunansu a Turai da Amurka da Asiya. Mai wannan sha'awa ba shi da sukuni. Dole gishirin ruwansa ya tsaya a kan giram 35 cikin kowace lita, zafinsa kuma tsakanin digiri 24 da 27, ma'aunin tsami da ake kira pH kada ya yi nesa da 8.2. Idan ruwa ya ƙafe, ruwa zalla zai ƙara, domin gishiri ba ya bin tururi. In ya yi sakaci, murjanin sai ya koɗe ya mutu, kamar yadda ya faru a tekun Ostireliya a 1998 da 2016 sa'ad da ruwa ya yi zafi.

To, dokar da ta hau kan mai murjani ita ce ta hau kan mai tarwaɗa, sai dai tarwaɗa ta fi haƙuri. Kifi yana fitar da guba mai suna amoniya ta matsefin numfashinsa, ragowar abincin da ya ruɓe ma yana ƙara ta. Akwai ƙwayoyin halitta da ke juya amoniya ta zama nitirait, wadda ita ma guba ce, sa'an nan waɗansu su juya nitirait ta zama nitiret mai sauƙin illa. Waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita a sabon wuri, shi ya sa sabon tankin da aka cika da 'ya'yan kifi rana ɗaya yakan zama kabarinsu. Kuma dafin amoniya yana bin pH. A zafin digiri 25, idan pH yana kan 7, kashin da ke kisa bai kai 1 cikin 100 ba. Idan ya kai 8 sai ya wuce 5. A kan 9 kuwa ya haura sulusi. Wanda ya zuba kanwa ko toka a tafki mai datti da nufin gyara, lalle dafi ya ƙara.

Iskar oksijin kuma zafi ke korar ta. Lita ɗaya tana riƙe miligiram 9 a digiri 20, amma a digiri 30 ba ta kai 8 ba, ga shi kuwa a lokacin ne kifi ya fi bukatarta. Da rana gansakuka tana samar da iskar, da dare ita ma shaƙa take yi, don haka asubar bazara ita ce lokacin hatsari. Tarwaɗa tana da gaɓar da take shaƙar iskar sarari, karfasa kuwa ba ta da ita, ita ce ke fara mutuwa.

Akwai wani abu da ya keɓanta da wannan yanki. Kudancin Katsina yana zaune ne a kan tsohon dutsen ƙanƙara, ruwan rijiyarsa galibi ba shi da allin da zai riƙe pH wuri ɗaya, sai ya sauka da asuba ya hau da la'asar. Maganinsa garin dutsen laim ne, irin wanda ake yin siminti da shi a Sakkwato. A nan harshe yana iya yaudarar manomi, domin Bahaushe yakan kira wannan da farar ƙasa, ya kuma kira wadda ake haƙa a Ƙanƙara da sunan nan. Ta Ƙanƙara yumɓu ce, ba ta kashe tsami, ko an zuba buhu goma.

Kiwon kifi irin na zamani ya daɗe a Arewa, gonar kifi ta Panyam tun 1951 aka kafa ta, cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa ma ta tara ilmi mai yawa. Abin takaici shi ne ilmin ba ya cika isa bakin tafki. Saurayin da ya ci bashi akan koya masa zaɓen iri da sayen abinci, ba a cika nuna masa takardar awon pH da kwalabar awon amoniya ba, alhali ɗan firamare ma yana iya karanta launinsu. Malamin gonar da aka tura Ƙanƙara ko Sabuwa ya kamata ya tafi da su a jakarsa, ya auna ruwa da asuba kafin rana ta fito, ya sāke aunawa da la'asar, ya kuma koya wa mai tafki rage abinci da sauya wani kashi na ruwa da zarar ya ga kifi suna taruwa a sama suna buɗe baki.