Ɗalibi Bahaushe da Nahawun Turanci



Kowa a zauren nan ya san yaron da ya ci lissafi, ya ci kimiyya, amma yana zaune a gida saboda bai sami kiredit a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko NECO. Jami'a kuwa ba ta buɗe ƙofa sai da shi. Sai ka ji ana cewa yaron ba shi da kai. Ni ban yarda ba, kuma abin da ya tsayar da ni a gabanku ke nan.

Ku dubi takardun ɗalibanmu daga Sakkwato har Bauchi, kuskuren iri ɗaya ne, abin da ya zo iri ɗaya haka kuwa yana da tushe. Mu mukan ce "Audu ya tafi", ga suna ga wakilinsa. Yaro ya kwashi wannan gini ya kai Turanci, ya rubuta "Audu he went", malam ya zabga masa jan biro. Haka kuma muna cewa na tafi, zan tafi, nakan tafi. Aikatau yana nan yadda yake, abin da ke gabansa ne ke nuna lokaci. A Turanci aikatau ɗin kansa ne ke rikiɗa: go, went, gone. Yaron da ya bar shi yadda ya same shi, ƙa'idar harshen uwarsa ya bi. Abin da ya rasa shi ne malamin da zai jera masa ƙa'idojin biyu, ya nuna masa inda suka rabu.

Wannan hanya ba baƙuwarmu ba ce. A makarantun zaure, da Hausa malam yake warware wa ɗalibi Ajurrumiyya, kalma bayan kalma, har ya kai shi Alfiyyar Ibn Malik. Ba a taɓa cin tarar almajiri don ya yi tambaya da harshensa ba. Daga irin wannan karatu aka sami Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ba da Larabci aka yaye shi ba, amma ya rubuta littattafai kan nahawu da sarfun Larabci. A boko ma an gwada. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Jami'ar Ife, inda aka koyar da yara dukan darussan firamare da Yarabanci shekara shida, Turanci yana darasi guda a hannun ƙwararrun malamai. Yaran nan ba a bar su a baya ba ko a Turancin.

Batun kalmomi kuwa, ɗalibai, ku daina haddace ƙamus shafi-shafi. Kalmar da ka tsinta ita kaɗai, da wuya ta kwana a kanka. Ka nemi labarin da zai riƙe ka. The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1960, a ƙasarmu labarinsa ya faru, kuma gajere ne. Ka karanta, ka rubuta baƙuwar kalma tare da jimlar da ta zo a ciki, sannan ka duba ƙamus irin na Roxana Ma Newman na 1990. Washegari ka yi amfani da ita a baki, ko da za a yi maka dariya. Dariyar nan ta rufe bakin yara masu yawa, kuma tana damuna ƙwarai, domin sau da yawa daga manya take fitowa.

Shugabannin makarantu, roƙona biyu ne. Ku soke tarar da ake ci wa yaro don ya yi Hausa a harabar makaranta. Sannan ku ware darasi ɗaya a mako, malamin Hausa da na Turanci su shiga aji tare, da takardun yaran a hannunsu, su bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya.