Kayanmu da Ledarsu: Jawabin 'Yan Ɓangaren Kasuwa



Uwar ƙungiya, iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, da iyayen gida da suka bar ayyukansu suka zo taya mu murna, muna gaishe ku da kyau. Allah ya maimaita mana, ya nuna mana ta baɗi lafiya.

An ce mu 'yan ɓangaren kasuwa mu tashi mu yi magana. Da can in aka ce haka sai mu sunkuyar da kai. Yau kuwa ga takarda a hannunmu, kuma mu muka rubuta abarmu. In kun ji mun yi tuntuɓe a karatu a yi mana uzuri, da girmanmu muka fara riƙe fensir.

Maganar leda muka kawo. Mun ga wasu sun yi murmushi. To a dai bari a ji.

Kowa a nan ya san abin da ya same mu a daminar bara. Wani mai kanti a Funtua ya karɓi ƙuli-ƙulinmu da yajinmu. Muka yi ta murna, kayan Musawa sun shiga kanti. Muka ƙulla su a farar leda irin wadda muka saba, wasu muka liƙe bakinsu da kyandir. Ba a yi wata guda ba aka dawo mana da fiye da rabi. Ƙuli-ƙulin ya yi laushi, yana warin tsohon mai, har da ƙamshin sabulun da aka jera kusa da shi. Yajin ya dunƙule kamar tubali. Bawan Allahn nan bai yi mana faɗa ba. Biskit ya ɗauko ya nuna mana, ya ce wannan ya riga naku zuwa, ga shi nan ko gezau. Kuɗin gyaɗa, kuɗin itace, kuɗin mota, da kwanakin da muka yi a bakin wuta, duk suka bi ruwa. Wallahi wasunmu a kuɗin adashi suka yi wannan asara.

Abin ya tsaya mana a rai. Hannunmu bai canza ba, gyaɗarmu mai kyau ce. To ina matsalar take? Sai muka kai maganar aji. Malama ta sa muka kawo ledar madara, da ta Indomie, da ta biskit, da tamu. Ta kuma gayyato ɗan wata 'yar ƙungiya da ke karatun kimiyya a Katsina ya yi mana bayani. Ya yaga bakin ledar madara, ya yi ta ɓantara da farce a hankali, sai ga ta tana rabuwa. Ashe abin da muke gani leda ɗaya, falle biyu ne ko uku aka manne su wuri guda, kowane falle da aikinsa.

Falle na waje shi ake kira poliyesta. Sunan ba baƙo ba ne gare mu, mun san shi a wajen masu yadi. Ashe abin da ake yin yadin roba da gorar ruwan sha, da shi ake yin wannan falle. Wasu mutum biyu, Whinfield da Dickson, suka gano shi a Ingila a 1941, aka fara shimfiɗa shi kamar takarda a shekarun 1950. Ko kaurin silin gashi bai kai ba, amma ga ƙarfi, ba ya miƙewa, kuma a kansa ake buga suna da zane. Yawanci ta ciki ake buga rubutun, shi ya sa ba ya gogewa ko hannu na da maiƙo.

Falle na tsakiya shi ne mai ƙyallin nan kamar azurfa. Alminiyam ne, irin na tukunya. Shi ke tare iska da haske da danshi. Kuma iri biyu ne. Akwai wanda aka yi wa ledar feshinsa kawai, akwai kuma falle na gaske, wanda ya fi tsada ya kuma fi tsaro. Ga yadda za ku gane: ku ɗaga ledar ku kalli rana ko ku haska tocila. In haske ya ratso, feshi ne. In duhu ne ƙirin, na gaske ne.

Falle na ciki, wanda ke taɓa abinci, dangin farar ledarmu ce. Ita ce ke narkewa ta liƙe baki. Tana narkewa da zafi ya ɗara digiri 100 kaɗan, shi kuwa poliyesta sai wajen digiri 250. Shi ya sa injin liƙe leda ke narka ta ciki, ta waje ko alama. Mu kuwa da kyandir, kun sani, wani wurin ya ƙone, wani wurin bai kama ba.

A nan muka gano laifin tamu. Farar leda tana riƙe ruwa, amma iska da wari suna ratsa ta. Ba ga shi muna jin warin daddawa ta cikin leda ba? Yadda wari ke fita, haka iska ke shiga. Iska da haske su ke lalata man da ya rage a cikin ƙuli-ƙuli. Danshin watan Agusta kuma ya bi ta ƙulli, da ƙananan hudojin da tsinin ƙuli-ƙulin ya yi. Mun sayi mai araha, to araha ba ta ado.

Wannan leda ba ƙaramin sauyi ta kawo wa kasuwa ba. Manyanmu sun tuna lokacin da madarar gari sai a gwangwani, sai gidan mai hali. A 1993 madarar Cowbell ta shigo Najeriya a 'yar ƙaramar leda, daga nan talaka ya fara sayen ta shayin safe ɗaya. Yanzu ku duba teburin kowace mai kayan tireda, komai ya koma haka.

Amma fa kada mu ruɗi kanmu, akwai abu uku da ya kamata a faɗa.

Na farko, leda ba ta gyara kaya. In gyaɗa ba ta bushe ba, ko ta fara hunhuna, aka liƙe ta, an kulle ɓarawo ne a cikin ɗaki. Hunhunar gyaɗa da ta masara tana da guba mai illa ga hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Sai mun tsince, mun shanya a kan tabarma ba a ƙasa ba, mun bar abin da muka soya ya huce sarai kafin a zuba.

Na biyu, in kaya za su zauna a kanti da sunan ƙungiya, akwai doka. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba da lamba. A jikin leda sai an rubuta sunan kaya, abin da aka haɗa, nauyi, adireshi, ranar da aka yi da ranar da zai lalace. Shekarun baya da muka ga rubutun nan ado muka ɗauka. Yau mu ke karanta wa masu saye. Wadda ta daina zuwa aji, don Allah ta dawo, ga amfaninsa nan.

Na uku shi ne mai nauyi. Wannan leda ba ta ruɓewa, kuma masu sayen tsofaffin robobi ba sa karɓarta, don an manne ta da ƙarfe, ba ta narkuwa a sake yin wani abu da ita cikin sauƙi. Ina take zuwa? Juji. Daga juji kuma a kwashe da taki a kai gona. Iyayen gida da ke zaune nan sun san abin da garma ke tonowa. Akuyar da ke ci tana ramewa, a yanka a tarar da tumbi cike da leda, wace ce a cikinmu ba ta taɓa gani ba? In an ƙona kuma hayaƙin a ƙirjin 'ya'yanmu yake sauka. Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya a 2017. Mu ko an hana mu ko ba a hana mu ba, garinmu ne, dabbobinmu ne.

Saboda haka ga shawarar da muka kawo, a tattauna a zama na gaba.

A cire daga asusu a sayi injin liƙe leda guda ɗaya na kowa da kowa, a ajiye inda ake da sola ko janareto, tunda kun san halin wuta. Kada a sayo leda da yawa tukuna. Masu zuwa Kano sayayya su zo da kaɗan daga kowane iri, su kuma tambaya a tabbatar ta abinci ce. A zuba kaya iri ɗaya a ciki, har da farar ledarmu, a rubuta kwanan wata, a ajiye su ratsa damina, sannan a buɗe a gaban kowa a ɗanɗana. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Leda mai tsada kuma sai kayan da za su yi nisa ko su daɗe: ƙuli-ƙuli, yaji, garin kunu, dambun nama. Ƙosai da awara da waina da za a ci yau ba ruwansu da ita. Mu roƙi masu saye su zo da kwano, kamar yadda iyayenmu suka yi. Kowace rumfa kuma ta rataye buhu na tara leda, kada iska ta kai wa awaki.

Mun san akwai 'yan uwa da ke ganin kuɗin asusu na rance ne, ba na inji ba. Maganarsu abin dubawa ce, gumin kowa ne a ciki. Shi ya sa muka ce a gwada da kaɗan, a rubuta abin da aka kashe da abin da ya dawo. In lissafi bai fita ba, mu da bakinmu za mu tashi a nan mu faɗa. Abin da ba mu so shi ne wata damina ta sake zuwa ta same mu da kyandir a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

  Wadda muka ɓata wa a kasuwa ta yafe mana. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya mai da kowa gida lafiya.